Gidana sokawe gare shi, amma shekara biyar ina biyan kuɗin magudanar gari

Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Katsina ne, direban babbar mota, ina zaune da iyalina a wani ƙaramin gari a jihar Karolaina ta Arewa, a Amurka. Shekara biyar ke nan da na sayi gidan da muke ciki. A watan jiya masai ya toshe, ruwa ya riƙa dawowa ta bahon wanka. Mai gyaran famfo ya zo ya yi 'yan dube-dubensa, ya zagaya baya ya caccaki ƙasa da wani ƙarfe, sai ga murfin kankare. Ya ce ai gidanka sokawe gare shi, kuma ya cika maƙil. Aka kira motar yasa, na biya. Da dare uwargida ta ɗauko takardun bil ɗin ruwa da take tarawa a gwangwanin biskit, ta nuna mini cewa kowane wata ana cajinmu kusan dala 40 na magudanar ƙazanta ta gari, alhali ƙazantarmu ba ta taɓa barin gidan ba. Na buga waya ofishin ruwa, wata mata ta ce a kwamfutarsu gidan a haɗe yake da bututun gari, ba abin da za ta iya yi. Uwargida ta ce in daina biya har sai sun dawo mana da kuɗinmu. 'Yan'uwa a masallaci kuma sun ce in bar wa Allah, baƙo ba ya ja da hukuma, balle ni da nake jiran takardar zama ɗan ƙasa. Raina a ɓace yake. Ina mafita?

Bakatsine a Karolaina

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da wannan ɓacin rai, kuma ka gaishe mini da uwargida gaisuwa ta musamman, domin gwangwanin biskit ɗin nan nata shi ne rabin shari'arka. Dala 40 sau wata 60, dala 2,400 ke nan. Mutumin da ke kwana a kan hanya yana tuƙi ya san guminta. Ba kuɗin da za a yafe tun ba a nema ba ne.

Sai dai shawarar da ta ba ka ta daina biya, wannan kam ban goyi baya ba. Kuɗin ruwa da na magudana takarda ɗaya suke zuwa, asusu ɗaya ne. Dokar jiharku ta ba hukumar gari ikon yanke wa mutum ruwa idan bashinsa ya haura kwana 10 da wa'adi, sannan a ɗora masa tara da kuɗin sake haɗawa. Idan bashin ya kai dala 50 ma, akwai hanyar da ƙananan hukumomi ke bi su cire shi daga rarar harajin da jiha ke mayar wa mutum. Ka ga kana can jihar Tenesi ko Ohayo da kaya, a bar yara ba ruwan alwala. Abin da ya fi wannan muni shi ne, ranar da ka ƙi biya, magana ta tashi daga kuskurensu ta koma kan bashinka. Yau kai ne mai bin bashi, kada ka mai da kanka wanda ake bi. Ka ci gaba da biya cif-cif, amma a rubuce ka sanar da su cewa kana biya ne don kada a yanke, ba don ka yarda da cajin ba.

'Yan'uwanmu na masallaci kuma, na san inda suka dosa. Mun taso a inda talaka ba ya son sunansa ya shiga littafin hukuma, kuma zaman baƙunta yana ƙara wa mutum tsoro. Amma neman a gyara bil ba laifi ba ne, ba faɗa da gwamnati ba ne. Ciniki ne tsakanin mai saye da mai sayarwa: an sayar maka da abin da ba a ba ka ba. A 1978 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci kan wasu ma'aurata, Willie da Mary Craft, mazauna birnin Memfis, waɗanda aka yi ta aiko wa bil biyu a gida ɗaya, ana yanke musu wuta. Kotu ta ce ma'aikatar da gari ya mallaka ba ta da ikon yanke wa mutum wuta ko ruwa sai ta sanar da shi hanyar da zai bi ya ƙalubalanci bil ɗin, a kuma saurare shi. Wato ƙofar ƙorafi wajibi ce a kansu, ba alfarma suke yi ba. Wanda ya bi ta wannan ƙofa da ladabi da takardu, bai yi abin da zai ɓata masa suna ba. Bashin da aka ƙi biya ne ke bin mutum.

Matar da ka samu a waya ba ƙarya ta yi maka ba, abin da ta gani a gabanta ta faɗa. Babu mita a bakin masai. Ruwan da ya shiga gida ake aunawa, sai a ƙaddara cewa shi ne ya fita ta magudana, a yi lissafi a kai. To idan wani akawu, shekara goma ko ashirin da suka wuce, ya buɗe wa gidan asusu ya haɗa ruwa da magudana saboda yawancin gidajen unguwar haka suke, shi ke nan, kuskuren ya zauna. Mai gida ya sayar, sabon mai gida ya gada, kwamfuta ba ta taɓa zuwa bayan gidanka ta ga murfin kankare ba. Mai amsa waya kuwa ba ta da ikon goge wannan, don haka sake kiranta ɓata katin waya ne kawai.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Kafin ka rubuta wa kowa komai, ka zauna da uwargida ku baje takardun nan a kan tabarma, ku gane wane irin kuɗi ne ake karɓa. Abu uku ne suke kama da juna a bil, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai kuɗin ruwan sama. Garuruwa da yawa suna cajin kowane gida kan ruwan da ke gangarowa daga rufi da daɓen kankare zuwa lambatun titi. Wannan ba ruwansa da masai, mai sokawe ma yana biya. Idan shi ne a takardarka, babu ƙara. Sai dai galibi ba ya kai dala 40 a gida guda, shi ya sa ban zaci shi ba ne.

Akwai kuma kuɗin da zan kira na samuwar bututu, kuma shi ne ke kayar da mutane da yawa. Sashe na 160A-317 na dokokin jiharku ya ce gari yana iya tilasta wa mai gidan da ke cikin iyakar garin, wanda bututun magudana ya wuce kusa da shi, ya haɗa. In kuma ba a tilasta ba don gudun ƙuntatawa, ana iya sa masa wani kuɗi na wata-wata saboda bututun yana nan a shirye, ko ya yi amfani da shi ko bai yi ba. Gundumomi ma suna da irin wannan iko a nasu sashen. Amma dokar ta sa iyaka: kuɗin ba zai wuce mafi ƙarancin abin da gidan da ke haɗe yake biya ba.

Na uku shi ne kuɗin amfani, wanda ke hawa da sauka gwargwadon galan nawa kuka sha.

Yadda za ku bambance su abu ne mai sauƙi. Ku ɗauko bil na watan Janairu ku ajiye kusa da na Yuli, lokacin da ake ban-ruwan kuɓewa da yakuwa a bayan gida, yara kuma suna hutu suna wanka sau biyu a rana. Idan adadin magudanar tsaye yake, bai motsa ba, to wataƙila na samuwar bututu ne. Idan ya bi ruwa ya hau, ya bi ruwa ya sauka, to ana cajinka ne kan ƙazantar da aka ce ta bi bututun gari alhali a tankinka ta tsaya. Ka ce "kusan" dala 40, kuma matar ta ce a haɗe kake, saboda haka zuciyata ta fi karkata ga na ukun. Shi ne mafi ƙarfin hujja.

Duk da haka, kada allura ta tono garma. Ka fita ka taka layinku da ƙafa, daga wannan kai zuwa wancan. Kana ganin manyan murafun ƙarfe masu zagaye a tsakiyar kwalta? Maƙwabcinka na dama da na hagu, su ma motar yasa tana zuwa musu? Ka tambaye su. Sannan ka nemi taswirar bututun magudana ta unguwar daga ofishin injiniyoyin gari. Babi na 132 na dokokin jihar ya ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba. Bil ɗin maƙwabta ba za a ba ka ba, doka ta killace shi, amma tarihin asusunka naka ne, haka nan dokar garin kan haɗa magudana, da jadawalin kuɗaɗe, da ƙa'idarsu ta gyara bil. Idan bututu bai zo layinku ba, ka huta, ba su da abin cewa. Idan yana nan a bakin ƙofarka, to ka shiga da idonka a buɗe, domin amsar da za ka iya samu ita ce: gaskiya ne ba ka haɗe, ga wa'adi, ka haɗa. Haɗawa kuwa aiki ne na dubban daloli, da kuɗin hukuma, da haƙa, da mai famfo, da rushe tsohon tankin a cike shi da ƙasa. Wannan ba dalilin yin shiru ba ne, domin ko a haka kana da hujjar neman abin da aka karɓa fiye da ƙa'ida a shekarun baya. Dalilin karanta dokar garin ne tukuna, ka san ko tana ɗaga ƙafa ga wanda sokawensa ke aiki lafiya, kafin ka ƙwanƙwasa.

Sai tara hujja. Da tsohuwar zuma ake magani: a jiharku, sashen tsabtar muhalli na ma'aikatar lafiya ta gunduma ne ke ba da izinin gina sokawe, kuma suna ajiye takardun, da zanen inda tanki yake da inda bututun tsotsewa suka bi. Ka je da adireshi da lambar fili, in da hali da sunan wanda ya fara gina gidan, domin tsofaffin fayiloli sau da yawa da sunansa ake ajiye su. Ka koma wurin mai motar yasa ya ba ka rasit mai kwanan wata, ya ƙara da layi biyu da hannunsa cewa tankin yana aiki, kuma ruwan gidan a cikinsa yake zuba. Ka ɗauki hoton murfin yadda gidan zai fito a bayansa. Ka kuma buɗe jakar takardun da ka sa wa hannu ranar sayen gida. A cikinsu akwai fom ɗin da mai sayarwa ke cikewa kan yanayin gidan, kuma akwai tambaya a kan ko sokawe ne ko magudanar gari. Ko me ya rubuta, kana bukatar sani. In ya rubuta sokawe, hujja ce a hannunka. In ya rubuta magudanar gari, wannan wata magana ce daban da za ka nuna wa lauya.

Amma duk takardun nan, gani ya kori ji. Ka nemi su da kansu su turo ma'aikacinsu ya yi gwajin rini. Ana zuba wani rini mai haske, galibi kore, a masai a kora ruwa, mutum ɗaya ya tsaya a kan tankin, wani ya buɗe murfin titi yana leƙe. Inda launin ya ɓullo, nan ƙazantar take zuwa. Wani lokaci kyamara suke zurawa. Ka roƙa a gwada kowace kafa, da masai, da wurin wanke-wanke, da na injin wanki, saboda akwai tsofaffin gidajen da aka yi wa kwaskwarima, wani ɓangare ya tafi titi, wani ya tsaya a tanki. Gara ka sani a tsakar gidanka da a gaya maka a gaban majalisa. Ka tsaya a wurin ranar, ko da za ka rasa lodi ɗaya, kuma kada ma'aikacin ya tafi sai ka san sunansa da yadda za ka sami kwafin rahotonsa. Rahoton da nasu ya rubuta, ba mai musa shi a cikinsu.

Daga nan sai wasiƙa, zuwa ga shugaban sashen ruwa da magudana, da kwafi ga manajan gari. Shafi ɗaya ya isa. Kada ka sa labarin wahalarka, kada ka kira kowa ɓarawo. Ga ni, ga lambar asusuna, ga ranar da na sayi gidan. Gidan ba a haɗe yake da magudanar gari ba, ga izinin sokawe, ga rasit, ga sakamakon gwaji. Ina neman abu biyu: a cire wannan caji daga bil mai zuwa, a kuma mayar mini da abin da aka karɓa daga wata kaza zuwa wata kaza, jimla kaza. Idan kun ce a haɗe nake, ku nuna mini takardar ranar da aka haɗa da wanda ya biya kuɗin haɗawar. Ina jiran amsa a rubuce cikin kwana 30. Wannan tambaya ta takardar haɗawa ita ce ƙashin bayan wasiƙar, domin ba a fasa bututun gari a jona gida ba tare da an rubuta ba. Ka tura ta gidan waya da rajista, irin wadda ake sa hannu a dawo maka da shaida, ka riƙe kwafi a gwangwanin.

Cire cajin ba zai yi wuya ba, in gwaji ya nuna. A wajen mayar da kuɗi ne za a ja. Garuruwa sukan sa wa kansu iyakar shekarun da suke komawa baya, kuma dokar jihar ta sa wa'adin shekara 2 kacal ga ƙarar da ta taso daga yarjejeniya da ƙaramar hukuma. Ma'anarsa a aikace: kowane wata da ka ɓata kana shawara a ƙofar masallaci, wata ɗaya na iya zubewa daga abin da za ka iya karɓa da ƙarfin doka. Ka nemi shekara biyar ɗin duka, kada ka rage wa kanka tun ba a rage maka ba. Za su iya cewa ba za su ba ka cek ba, sai dai su zuba kuɗin a asusunka ka riƙa shan ruwa a kai. In ba ka da niyyar tashi nan kusa, wannan ba asara ba ce, amma a rubuta. Kuma duk takardar da aka miƙo maka mai cewa ka karɓi wannan a matsayin ƙarshen magana, ka kai ta gida ka kwana da ita.

In sun yi shiru ko sun ƙi, ka duba sunan da ke saman bil. Hukumar jiha mai sa ido kan kamfanonin wuta da ruwa tana sauraron ƙorafi kan kamfanoni masu zaman kansu ne, ba ta da iko kan ruwan da gari ya mallaka. Mutane da dama sukan ɓata makonni suna rubuta mata. Idan na gari ne, iyayen gidansu su ne kansiloli da magajin gari. Doka ta wajabta wa majalisar gari ta ware lokacin jin ta bakin jama'a aƙalla sau ɗaya a wata, galibi minti uku ga kowa. Kafin ranar, ka aika wa kansila ɗaya kwafin takardunka. A ƙaramin gari, kiran waya guda daga kansila zuwa ofishin manaja yakan motsa fayil ɗin da ya yi wata uku a ƙasan tebur. In ta kai ga tsayawa gabansu, ka sa babbar rigarka, ka karanta daga takarda, ka faɗi adadi, ka yi godiya ka zauna.

Bayan wannan sai kotun ƙananan da'awoyi, inda majistare ke sauraron ƙarar da ba ta wuce dala 10,000 ba, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa. Kafin ka je can, ka biya lauya kuɗin zama ɗaya ya duba wa'adin da ya shafe ka, ko ka gwada ofishin taimakon shari'a na jihar in samunka ya shiga ƙa'idarsu. Ra'ayina a nan: idan sun cire cajin, suka ba ka na shekara biyu ko uku, lauya kuma ya ce sauran lokaci ya ci, ka karɓa. Ba a kashe dala dubu biyu da kwanakin aiki a bin ɗari tara.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da bil ɗin, kuma ba ka tambaye ni ba. Shekara biyar kuna zaune a kan tankin da ba ku san da shi ba. Wannan ba irin sokawen gida ba ne, rami a zube komai. Tanki ne da ke tare dauɗa mai kauri, ruwan ya wuce ta bututu masu huda da aka binne a ƙarƙashin ciyawa, ƙasa ta tsotse. Idan tanki ya cika har ya mayar da ruwa bahon wanka, akwai yiwuwar laka ta riga ta kutsa cikin bututun nan, kuma gyaran filin tsotsewa ya ninka dala 2,400 ɗinka nesa ba kusa ba. Ka kira mai lasisi ya duba shi gaba ɗaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a duba duk shekara 3, a yashe duk shekara 3 zuwa 5. A jiharku ana auna girman sokawe da galan 120 a rana ga kowane ɗakin kwana, to gidan Bahaushe kuwa, mai ɗaki uku amma baƙi ba sa yankewa, yakan wuce wannan lissafi, don haka naku ya fi son yasa da wuri. Man suya da maiƙon miya su tafi kwandon shara, kada su bi ta wurin wanke-wanke. Kai kuma, in kana shigo da kan motarka gida ka faka a kan ciyawar baya, daga yau ka daina, har sai ka ga zanen nan na ma'aikatar lafiya ka san abin da ke ƙarƙashin tayoyinka.

Ranar Juma'a in kun idar, ka gaya wa waɗanda suka sayi gida a gefen gari irinka su ma su koma su duba nasu bil ɗin. Ni kuma ka turo mini hoton na Janairu da na Yuli, ka rufe adireshi da lambar asusu da yatsa, mu ga ko adadin yana motsi.